Bushra Mai Awon Iska

Taubashiyata Bushra, 'yar kawuna na Maska, da rowa aka haife ta. Tana ƙarama in aka ce ta sam maka gyaɗa, sai ta zuba maka biyar ta ɗauke biyu. Da ta girma ta zama nas, asibiti suka gane baiwarta, suka ɗora ta kan abin da kowa ke samu kyauta. Yanzu iska take aunawa.

A ɗakin yara masu tsananin ciwo take aiki, a wani asibiti cikin Funtuwa. Akwai injin da ke yi wa yaro numfashi ta siririn bututu a maƙogwaro idan huhunsa ya gaza. Nan take wuni, tana hararar lambobin jikinsa kamar sun zagi kawu.

Bara na ɗauko Malam Maitama a babur daga Bakori, ya zo duba 'yarsa Nana Aisha, 'yar shekara biyu, da ciwon huhu ya kayar. Kwananta huɗu a kan injin. Shi manomin rani ne, injin ban-ruwa ya sani: in shuka ta yi yaushi, a buɗe wuta har ƙarshe. Ta gilashin ƙofa ya hango Bushra da likita suna taɓa injin, lamba tana sauka. Da Bushra ta fito, ya tare ta a bakin ƙofa.

"Malama, ragewa na ga kuna yi. Ku ƙure mata shi mana, ko kun fid da rai ne?"

"Baba, huhunta bai kai tafin hannunka ba. In na ƙure, fashewa zai yi. Da nauyinta muke auna iskar."

"To ragewar fa?"

"Ta fara ja da kanta. In injin ya ci gaba da yi mata komai, ƙirjin zai sangarce. Kaɗan-kaɗan muke janyewa, muna kallonta. In ta gaji mu mayar."

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, haka take a gida ma."

"Kai, direban babur, tafi ka tsare inuwa," in ji ta.

Kwana biyu ana wannan rowa. Sau ɗaya yarinyar ta gaji, aka mayar, Malam Maitama ya ƙi cin abinci, dole ni na taimaka masa na cinye. Ran Alhamis da hantsi likita ya zare bututun. Bushra na tsaye da abin ɗora wa hanci mai ba da iska a hannu, ko da numfashin zai gagara. Nana Aisha ta yi tari, ta ja iska, ta saki kuka da dusasshiyar murya, ni dai na rantse an ji shi a Malumfashi.

Malam Maitama ya zauna a ƙasa yana hamdala, ya ɗago ya ce, "Malama, wannan kukan kada a rage mata shi."