Hodar Maigidana da Irin Doyar Ƙawata

A shekarun tamanin muna zaune a unguwar Kpakungu, ina suyar doya a ƙofar gida, maigidana yana koyarwa a jami'a. Doyar kuwa a wajen wata Bagwariya nake saye, daga wani ƙauye bayan Paiko. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara da gona. A kafaɗa take ɗauko kayanta, ba a ka ba, kamar sauran matansu, ina tsokanarta cewa tana ajiyar kanta ne don ranar biki. Ciniki ya zama ƙawance.

Kullum kukanta ɗaya ne: irin doya. Kafin ruwa ya sauka, mai yawa ya ruɓe a rumfa. Wannan irin shi ne jarinta kaf, idan ya tafi babu gonar baɗi, babu abincin yara.

Sai ga maigidana ya haɗa wata hoda a ɗakin gwajinsu, wadda ke hana doya ruɓewa. Kai, na yi murna! Na tare ta a kasuwa na ce, "Ƙawata, kukanki ya ƙare." Ta ce tunda mijina ne, a barbaɗe rumfar duka.

Ashe a jami'ar akwai kwamitin da sai ya yarda ake fita da gwaji cikin mutane. Suka riƙe shi wata da watanni. Da suka tashi amsawa, sai da sharaɗi: a tara mutanen ƙauye a yi musu bayani da Gwaranci, wanda bai so a ƙyale shi, kada a ci doyar da aka sa wa hoda, kuma kada a taɓa irin kowa sai ɗan kaɗan a gefe guda.

Ranar na yi faɗa har mai ya ƙone a kasko. Na ce, "Malam, waɗannan mutanen sun taɓa riƙe fartanya? Baƙin ciki ne kawai suke maka!" Shi mutum ne mai sanyin tsiya. Ya ce, "Maman yara, a kwano na gwada, ban gwada a gona ba." Ya bi sharaɗin, na kwana biyu ina ba shi abinci ba magana.

Doyar da aka sa wa hoda ta kai damina sumul, ko tabo babu. Ƙawata ta shuka ta a layi na daban. Ruwa ya zauna, muka shiga motar Paiko muka je gani. Gona ta yi kore shar, ganye yana hawa sanda, amma layin hodar ƙasa ce tsirara. Malam ya tona da hannu, ga doya lafiya lau, ta ƙi tsiro. Hodar ta hana ruɓewa, ta hana tsiro ma.

Na dubi layin, na dubi faɗin gonar, na tuna cewa rumfar duka ta ce a barbaɗe. Malam ya tsaya a gaban dattawan ƙauye ya ce abinsa bai yi ba, ya biya ta irin da ta rasa.

Har yau ina nan a kan bakana, kwamitin ya cika jan ƙafa. Amma na daina zaginsu a gaban yara.

Da sabuwar doya ta fito sai ga ƙawata da sallama, ita da yaranta, kaya a kafaɗa. Ta ce in gaya wa mijina ya dawo, doyar da ba ta tsiro ita take so ta ajiye don kasuwar bazara, in dai 'yan kwamitin da ke tsare shi sun ce ana iya ci. Na ce, "Za su daɗe fa." Ta ce, "Bari su daɗe."

Ta sauke doya a tsakar gidana, manya-manya, daga irin da hoda ba ta taɓa ba. Na soya, yaranta da nawa suka cinye tas.