Tagwayen Kwalaben Iya

Jiya da hantsi ina wanke-wanke, cokali ya kuɓuce mini ya bugi wata kwalbar man shafawa da ta ƙare. Ƙarar gajeriya ce, ba daɗi, kamar an taka busasshen kara. Ban san lokacin da na ce a raina, wannan 'yar bana ce, ba ta da nauyi. Sai na tsaya da kumfa a hannu, domin ba maganata ba ce. Maganar kakarmu ce, mahaifiyar babanmu, wadda duk gidan muke kira Iya. Ta daɗe a ƙasa, amma kunnen da ta ba ni yana nan.

Ki yi haƙuri da ni, ke mai karatu, ko kai, ban saba da dogon rubutu ba. A ƙauyenmu na taso, can bayan Bagega a ƙasar Anka, cikin gida mai ɗakunan laka da rumbuna a tsakiya. Ɗakin Iya ne na ƙurya. Kana ɗaga asabarin ƙofarta ƙanshin man shanu da kanumfari zai tare ka, da ɗan tsamin daddawa a ƙarƙashi. Sama da gadonta akwai katako da aka kafa a bango, a kansa kwalabenta suke jere. Ba su kai goma ba. Masu faɗin baki ne, hannun babba yana shiga har gindi, kowace da murfin gilashi da wata waya da ake dannawa ta ɗaure shi. Kakanmu ne ya samo su tun yana saurayi, lokacin da yake kai gyaɗa Gusau a kan jaki, wurin kukun wani Bature da zai bar ƙasar. Zoben robar da ke bakin murafun ya daɗe da ruɓewa, don haka Iya takan murza kakin zuma ta shafe kwarmin murfin da shi, shekara bayan shekara, sabo a kan tsoho.

Da damina ake sanin amfaninsu. Gishiri ya jiƙe a ƙwarya, kuka ta yi hunhuna, tururuwa ta bi bango ta sami duk abin da aka ɓoye, amma abin da ke cikin kwalbar Iya yana nan yadda aka zuba shi. Matan unguwa sukan kawo mata kwalaben da suka saya a kasuwa ta duba musu. Sai ta zauna a bakin ƙofa ta ɗaga kwalbar wajen haske. Tsohon gilashi, in ji ta, yana da launin ruwan rafi da kaka, ba fari tas ba ne, kuma za ka ga 'yan ƙwayoyin iska a cikinsa. Ta auna nauyin a tafin hannu, ta bi ɗinkin gefe da babban yatsa, ta juya gindin ta shafa wasu tudun-tudun da ke wurin. Daga ƙarshe ta ƙwanƙwasa da farce ta kai kunne. Tsohuwa takan ja kuka mai tsawo, sabuwa kuwa tana yi tana yankewa. Sai bayan na yi aure na shiga ajin yaƙi da jahilci na gane cewa tudun da take shafawa haruffa ne. Lokacin da na iya haɗa baƙi, babu sauran kwalbar da zan karanta.

A cikinsu akwai biyu da take kira tagwaye, tsayi ɗaya, kauri ɗaya, su ne manya. Mu dai ba mu iya bambanta su. Ita kuwa ta san ɗaya tana da ƙwayar iska kamar ƙwayar gero a kafaɗa, ɗayar kuma gindinta ya ɗan karkace. A cikinsu take ajiye abin da ya fi komai daraja a wurinta: man shanun da take saya hannun matan Fulani na rugar da ke kusa da mu, da zuma, waɗanda take ɗiba ta sa wa ƙananan jikokinta a kunu. Babba ba ya taɓawa. Idan na miƙa yatsa sai ta buge shi ta ce, "Ke tsohuwar banza, kin ci naki zamani."

Wata shekara wani mai sayen tsofaffin kaya ya zo a kan babur, yana bin gidaje yana neman tasoshin tagulla da irin waɗannan kwalabe. Aka kawo shi zaure, Iya ta fito masa da tagwayen don ya gani kawai. Ya juya su, ya yi ta ɓata fuska, ya ce zai ba ta sabon bokitin roba da jeren kwanoni.

"Iya, tsohhin kaya ne hwa, ba mai son su."

"Ni ma tsohuwa ce, ɗana, wa ya ba ka ni? Kai da ka sha wagga hanya don abin da ba mai so, ai ka riga ka hwaɗa mani darajarsu."

Ya yi dariya, ya sha ruwa, ya tafi hannu wofi.

Ina da kamar shekara goma aikin zinare ya shigo mana. Da bazara ne, rumbuna sun yi ƙasa. Maza suka fara dawowa daga daji da buhunan dutse, ana kawo su har cikin gida don kada a sace. Turmin da ake daka gero aka koma daka dutse da shi, mata suna yi ana biyansu, ana baza garin a tsakar gida ya bushe, yara suna rarrafe a kai. Sautin garin ya canja. Da can dakan safe yana da taushi, yanzu kuwa sai ka ji shi a haƙoranka. Ba wanda ya ga laifin abin, domin a shekarar aka sa wa ɗakuna kwano, aka sayi babura, aka ci nama ba ranar salla ba.

Baffanmu, ƙanen babanmu, shi ne autan Iya, kuma shi ya fi kowa shiga aikin. Idan an wanke garin dutse akwai wani baƙin yashi mai nauyi da ke kwantawa a ƙasan kwano, a cikinsa zinaren yake kafin a fitar da shi. Wata rana ya durƙusa a ƙofar Iya.

"Iya, aron kwalba nike so."

"Mi za ka sa ciki?"

"Ɗan abin da munka wanke. Leda hudewa take, roba kuma ba a ganin ciki."

Iya ta ji daɗi, na gani a fuskarta. Ta sauko da ɗaya daga cikin tagwayen, ta juye abin da ke ciki, ta ba shi, tana cewa kuɗin gyaɗa ya kawo ta, yau ga ta za ta riƙe zinare. Ta yi watanni a wurinsa. A wurinmu kuwa ba a mayar da abin aro ba komai a ciki, rashin tarbiyya ne. Da ya gama ya wanke ta tas da toka, ya cika ta da zuma mai kyau daga wajen Adabka, ya kawo. Iya ta sa masa albarka, ta mayar da kwalbar kusa da 'yar'uwarta, aka ci gaba da sa wa yara a kunu.

Sai wani ciwo ya ɓullo, ya fara da ƙananan yara. Yaro ya daina cin abinci, ya yi ta amai, sai jijjiga ta kama shi, idanu su kafe. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sanƙarau. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yi sadaka. 'Yar Baffa ce ta fara rasuwa a gidanmu. Ba a jima ba ƙanena ya bi ta, bai cika shekara huɗu ba. Na tuna Inna, mahaifiyata, tana zaune da hularsa a cinya, ba ta kuka a gaban mutane, sai ninke hular take tana warwarewa. Hanyar maƙabarta ba ta yi ciyawa ba a shekarar.

Daga baya ma'aikatan lafiya suka zo, da baƙi da 'yan ƙasa. Suka ɗebi jinin yara, suka auna ƙasar gidaje, suka ce gubar dalma ce, tana cikin dutsen da muke dakawa. Aka kankare ƙasar tsakar gidanmu da shebur aka kai wani babban rami a bayan gari, aka kawo sabuwa aka zuba. Suka ce duk turmi da taɓarya da ƙwarya da tabarmar da ta taɓa garin dutse a fitar da ita. Aka fitar. Ba wanda ya yi zancen kwalaben Iya, ba kuma wanda zai iya.

Autarmu, ƙanwata, tana cikin yaye a lokacin, ita ma jijjigar ta taɓa ta. Inna ta tafi da ita asibiti a Anka, suka daɗe, suka dawo da farkon damina. Yarinyar ta rayu, amma kamar tsinke. An ce wa Inna ta ciyar da ita sosai, kuma kada ko ƙwayar ƙurar nan ta sake shiga bakinta. Abu mai maiƙo ɗaya ne a gidan, yana cikin tagwaye. Kowace safiya Iya takan ɗebo man shanu a ludayi ta aiko ni da shi, Inna ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta ajiye a gefe, ta ba yarinyar kunu tsura. Suruka ba ta ce wa uwar mijinta abincinki nake tsoro. Haka aka yi ta yi, yarinyar tana ƙara ramewa, har Iya ta ga ludayin da kanta, man ya daskare a ciki, ƙuda na bi.

Da safe ne, an kwana ana ruwa. Ta kira Inna bakin ƙofarta.

"Ɗiyata, mi yarinyar ga ta yi maki kike ba ta kunu tsura?"

"Ba komi, Iya."

"Ba komi ba ya ramar da yaro."

Inna ta durƙusa, kanta a ƙasa. Iya ta tashi ta sauko da tagwayen ta ajiye a tabarma.

"Gilashi ba ƙwarya ba ne, ba ya shan abin da anka zuba mai. Amma tunda ranki bai kwanta ba, na san wadda na ba ƙanen mijinki."

Ta ɗaga su wajen haske ɗaya bayan ɗaya, ta shafa, ta ƙwanƙwasa, kamar yadda take yi wa matan unguwa. Ta ture mai ƙwayar gero gefe ta ce ita ce, a kai ta rami, mai karkataccen gindi kuwa ba ta taɓa barin ɗakin ba. Har yau na yarda gaskiya ta faɗa. Iya ba ta kuskuren kwalba.

Inna ba ta ɗaga kai ba. A hankali ta ce, "To murafun fa, Iya?"

Murafun iri ɗaya ne sak. Duk lokacin da kwalaben suka ƙare, a kwano ɗaya ake wanke su, wanda hannu ya fara kaiwa shi ake ɗorawa. Iya ta san jikin kowace kwalba kamar fuskar ɗanta, amma ba ta taɓa tsayawa ta bambanta murfi ba. Ta buɗe wadda ta ce mai tsarki ce, wadda man shanun ke ciki. Ta zaro tsinken tsintsiya ta bi kwarmin murfin da shi. Kakin sama ya fito rawaya. Na ƙarƙashinsa ya fito baƙi-baƙi, da ɗan ƙyalli, ta murza shi a yatsa muka ji ƙaras-ƙaras ɗin yashi.

Ba ta yi salati da ƙarfi ba, leɓenta kawai na ga yana motsi. Ta ce in ɗauko mata kwando. Ta sauke kwalaben duka, har waɗanda ba su taɓa fita ba, ta jera a ciki. Babanmu ya zo zai karɓa ta hana shi. Ta ɗora a kanta ta bi ta cikin taɓo har bakin ramin, ina biye da ita daga nesa. Na zaci jefawa za ta yi. Sai ta zauna ta nemi dutse, ta riƙa fasa su ɗaya-ɗaya, da jiki da murfi. Wani ma'aikaci ya ce mata ba sai ta wahala ba, za a rufe da ƙasa. Ta ce, "In na bar su da rai, wata za ta tsinta. Kaya ne masu kyau."

Ban ce murfin nan ne ya kashe ƙanena ba. Ma'aikatan sun ce ƙasar da yara ke rarrafe a kai ita ce babbar hanya, Inna ma ta sha faɗa wa Iya haka. Ba ta karɓa ba. Tun daga ranar ba ta sake sa wa jika loma a baki ba. Ku da kuka tashi da kaka kun san ragowar kwanonta ta jikoki ce, amma mu idan muka matso tana cin abinci sai ta rufe kwanon ta juya mana baya. A haka ta rasu bayan 'yan shekaru. Inna ta koma sayen man shanu da kanta a sabuwar roba, ƙanwata ta yi ƙiba, ta tashi, ta yi tafiya.

Yanzu komai a roba yake da leda, abin da ba a aro ba a gado. An fitar da niƙan dutse bayan gari, amma aikin bai mutu ba, domin gonakin nesa ba sa zuwuwa saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Maigidana ma yana zuwa. A zaure nake aje masa ruwa da sabulu da wata riga, ba ya shigo mini sai ya canja, ya yi mita har ya gaji ya saba.

Ƙanwata tana wurina tun da ƙarfin Inna ya ragu. Sa'o'inta da suka tsira lafiya suna ɗakunan mazajensu. Ita jikinta ya girma, kyakkyawa ce, amma maganarta ta tsaya inda ciwon ya same ta, ba ta wuce 'yan kalmomi ba. Duk ɗan da na haifa yakan taso ya tarar da ita, su yi wasan ƙasa tare, su yi faɗa a kan rake, sannan wata rana ya wuce ta. Na farin ya daɗe da wucewa, yanzu kunyar wasa da ita yake ji. Bana na biyun ya fara riƙe mata hannu idan za su tsallaka kwata, yana ce mata ta yi a hankali. Na goye yana bayana, ita ce ke sa shi dariya, kuma ita ta fi kowa ɗokin ya fara tafiya.