Kwalbar Maganin Alhaji

Jiya da hantsi mai binciken masu neman aikin ɗan sanda ya zauna a kicin ɗina a garin McLeansville, nan ƙasar waje, yana tambayata kan Nasiru, ɗan ƙanwata da na riƙe.

"Ya taɓa shan maganin da likita ya rubuta wa wani?"

Ya taɓa. Da haƙori ya hana shi sakat, mijina marigayi Alhaji ya ba shi ƙwayarsa ta ciwon baya. A wurinmu tausayi ne, a nan kuwa laifi.

Na buɗe baki zan rufa masa asiri, sai idona ya faɗa kan firiji. Ga kwalbar maganin Alhaji, sunansa a jikinta yana kallona. Wallahi da hannuna na jefar da ita bayan arba'in ɗinsa.

Na fasa ƙaryar. Na ce, "Ya sha."

Mutumin ya gyaɗa kai. "Haka ya faɗa mana. Da kin musa, da kin jawo masa matsala."

Na raka shi ƙofa, na dawo. Babu komai a kan firijin.

Jama'a, ni kaɗai nake kwana a gidan nan. Wa ya hana ni yin ƙarya?