Nata'ala Ya Ƙi Rawani

Nata'ala ɗan dako ne a Limawa, ƙafarsa ba ta san zama ba. Shekarar da Turawa suka ƙara nauyin kayan da ake kai musu Kano, ya yi ta bin abokan sana'arsa gida-gida har kowa ya ajiye gammo. Kaya suka yi ta shan rana.

Hakimi ya kira shi, ya ce kowace sana'a da sarkinta, shi zai naɗa.

Nata'ala ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, in muka yi sarki, an samu bayan da za a tsula wa bulala. A tara mu duka, a tambaye mu."

Har ya mutu, gammo kaɗai ya taɓa naɗawa a kansa.