Dabo da Abincin Surukai a Bosniya

Dabo ɗan kawuna ne, don haka ina da iznin faɗar abin da na ga dama a kansa. A Fagam aka haife shi, yana bin shanu tun yana ɗan mitsitsi har gemu ya yi fari. Dogo ne siriri, in ya tsaya a gona sai ka rantse gora aka kafa aka ɗora mata malafa. Daga Gwaram har Birnin Kudu abu ɗaya aka san shi da shi, kunya. Tun da ya auri Batulu, babu wani ɗan gidansu da ya taɓa ganin bakinsa yana motsi. Ko ruwa ba ya sha a gaban surukai.

Ana nan sai Safiyanu, ɗan ƙaninsa marigayi, ya tafi karatu wata 'yar ƙasa a Turai wai ita Bosniya. Can ya ga yarinya Musulma mai suna Amra, ya ce shi fa sai ita. Uban yarinya ya ce ba ya ba da 'ya ta waya, sai babba ya tako ƙafa ya nema. Babban nan kuwa Dabo ne, wanda bai taɓa wuce Kano ba.

Da ya je ya dawo muka kewaye shi a ƙofar gida. Ya dube ni ya girgiza kai.

"Taubashi, duwatsun nan namu da muke taƙama da su, can murhu za a yi da su."

Ya ce mota ta shiga cikin dutse kamar ɓera a rami, ta ɓullo ta bayansa, sai ga gajimare a ƙarƙashinsu. Ya yi salati har direba ya waiwayo. Ya ga kogi kore shar, sanyinsa na tsinka haƙori. A wani tsohon gari, Mostar, aka kai shi kan wata gadar dutse mai lanƙwasa kamar ƙahon bajimi, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarta. Aka ce masa yaƙi ya taɓa rushe ta, mutanen suka sake gina ta yadda kakanninsu suka bar ta. Yana shafa dutsen sai kiran sallar azahar ya tashi, duwatsu suka karɓa suka mayar. Ya shiga sahu, dama Bature, hagu Bature, kowa ya san Fatiha. Dabon da ko ranar da saniyarsa ta faɗa rijiya bai yi hawaye ba, nan ya jiƙe gemu.

Washegari suka hau ƙauyen su Amra, can ƙololuwa inda tumaki ke kiwo a gefen sama. Aka yi gaisuwa, Safiyanu na tafinta. Sai aka cika tebur, naman rago, cuku, zuma, wani burodi mai nama a ciki. Kowa ya zauna, har uwar yarinya. Tsohon, uban Amra, ya tura wa Dabo kwano.

Dabo ya sunkuyar da kai. "Alhamdulillahi, a ƙoshe nake."

A ƙoshe! Ni na san kukan da cikinsa ke yi ya isa ya firgita tumakin ƙauyen. Tsohon ya sake turo kwano, Dabo ya sake ja da baya. Sai fuskar tsohon ta canza, ya ajiye cokali. Uwar ta tashi ta shige ɗaki. Amra ta yi wa Safiyanu raɗa, idon yaron ya yi ja.

"Baffa, don Allah ko loma ɗaya," in ji Safiyanu. "Su a nan wanda ya ƙi abincinka kai ya ƙi. Cewa yake ba ka son 'yarsa. Auren zai watse."

"Kai yaro, boko ya cinye maka kai ne? Ni in tauna a gaban surukai?"

Safiyanu ya juya ga tsohon ya bayyana masa cewa a wurinmu girmamawa ce, wanda kake jin nauyinsa ba ka buɗe baki ka ci a gabansa. Tsohon ya dubi Dabo. Sannan ya miƙe, ya ɗauki kujerar Dabo da hannunsa ya kai bakin taga, ya ɗora masa kwano a cinya. Ya juya tasa kujerar ya ba shi baya, ya yi tsawa kowa ya juya.

Dabo ya ɗaga kai, ba kowa a gabansa sai wani dutse mai farin rawanin ƙanƙara, da kwari mai zurfin da tsuntsaye ke shawagi a ƙasan taga. Ya ce kallon ne ya ɗauke masa hankali, bai san sanda hannu ya shiga kwano ba. Ni dai na san taubashina, ragon nan bai tsira da ko ƙashi ba.

Tsohon na jin cokali yana kankarar gindin kwano, sai ya fashe da dariya bai waiwayo ba, ya faɗi wata magana da yarensu.

"Me ya ce?" Dabo ya tambaya, baki cike.

"Baffa, ya ce ya ba ni Amra."