Motar da ta tashi sensa tana hannuna

Jama'a, ni rewaya ne, na yi shekaru ina aikin wutar mota a wani gareji a Daura, kuma wallahi abin da zan ba ku labari a kaina ya faru, ba ji na yi ba.

Wata damina da hantsi wani direba mai suna Alhassan ya kira ni, ya ce motarsa ta mutu a hanya, ya ɗauko mahaifiyarsa ba lafiya daga garin Babban Mutum zai kai ta asibiti. Na hau babur na same su a bakin wata gonar gero, tsohuwar na kwance a baya, ƙanwarsa ta tallabe mata kai.

Ana murɗa makulli injin na juyawa amma ba ya kamawa, sai na nufi sensar karanshaf, wato ƴar abar da ke gaya wa injin lokacin ba da wuta, in babu ita mota ba ta tashi. Na tarar an zare soket ɗinta tsaf, alhali yana da ƙugiya, kuma wurin lungu ne, ga zafi. Na mayar, mota ta tashi, ba mu yi taku ashirin ba ta sake mutuwa. Na duba, a zare. Na ɗaure da waya, na murɗe da filaya, wallahi motar ta sake mutuwa, na tarar da wayar a kunce, soket ɗin a zare. Sai na kunce sensar gaba ɗaya in gwada ta.

A nan tsohuwar ta yi magana, ta ce, “Ɗana, bar wahalar da kanka, ku sauko da ni.”

Alhassan ya yi ta roƙonta ta daure a isa asibiti, ta ƙi. Muka shimfiɗa mata tabarma, ta dubi gonar ta ce nan gidansu yake dā, a nan aka haife ta. Ta nemi ruwa ta sha, ta yi kalmar shahada, shi ke nan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan mun mayar da ita mota, Alhassan, da ba ya cikin hayyacinsa, ya shiga ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Na dubi hannuna, ga sensar nan a tafina. A haka ya juya ya kai gawar har gida, ina biye da su a kan babur.

Na tambayi manyanmu a sana'ar, kowa ya ce ba ya yiwuwa, ni ma na san haka. Har yau in na bi ta gonar nan sai tsigar jikina ta tashi. Ku dai in marar lafiya ya ce a tsaya a saurare shi, don Allah ku tsaya.