Takardar da ta iso bayan sadakar uku

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayata Rabi, Allah Ya jiƙanta. Duk lokacin da gero ya fara fitar da kai sai ta faɗo mini a rai, domin a irin wannan lokacin aka ɗauko ta daga Kiyako zuwa asibiti, haihuwa ta zo da gardama, aka yi mata aiki. Jaririn bai zo da rai ba, amma ita ta farfaɗo. Kwana biyu har tana zaune tana yi mini tsiya, wai na zo jinya na fi mara lafiya cin tuwo.

A kwana na huɗu ɗinkin ya fara ruwa. Aka yi allura, aka sauya wata, zazzaɓi ya ƙi sauka. Mu dangi kuwa muka yi abin da muka fi iyawa, wato zumunci. Daga Kangire, daga Gwaram, 'yan dubiya suka cika ɗakin. Kowacce sai ta ɗaga zane ta ga ciwon da idonta, ta taɓa gefensa ta ce sannu, kowacce kuma da kafso a ƙulle a bakin mayafi. Ni kaina, da zarar nas ta juya baya, nakan buɗe kafso in barbaɗa garin a kan ciwon, yadda muke yi idan fartanya ta sari mutum a gona. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai yau, kuma har yanzu yana ci mini rai.

Likita ya ɗebi mugunyar ya aika Kano a gwada. Takardar ta dawo washegarin sadakar uku. Da na je kwashe kayanmu ya kira ni ya ce, "Ƙwayar cutar da ta shiga ciwon ta fi ƙarfin duk magungunan da muka ba ta. Guda ɗaya ne zai iya kashe ta, mu kuwa ba mu sani ba sai yanzu." Ya bayyana mini cewa ƙwayoyin cuta na ɗauke da wata halitta ta gado da ke sa su jure magani, kuma suna miƙa wa juna ita kamar yadda manoma ke ba juna iri. Duk kafson da aka sha ba bisa ƙa'ida ba, raunanan cikinsu yake kashewa, masu taurin kai su yaɗu, hannun da ba a wanke ba ya kwashe su daga wannan majinyaci zuwa wancan. Na so in tambaye shi batun garin da na barbaɗa, amma sai na kwashi kayanmu na fito.

Bana aka yi wa Bilkisu, babbar 'yar Yaya, irin wannan aikin. Nata ɗinkin ma ya fara ruwa, zazzaɓi ya biyo baya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ɗauki buta da sabulu na zauna a bakin ƙofa. Ba mai shiga sai ta wanke hannu, ba mai ɗaga zane, kafso kuma a bar mini shi a waje. Surukar Bilkisu, Hajiya Talatu, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke Saude, yau kuma ke ce likitan?"

"A'a Hajiya, ni ce dai na yi wa uwarta wankan gawa."

Ta wanke hannun, amma ta daina amsa gaisuwata. Wannan karon a nan Birnin Kudu aka yi gwajin, cikin kwana uku sakamako ya fito, aka sauya magani. Ranar da zazzaɓin ya sauka na fita bayan ɗaki na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta gan ni a bakin ƙofar nan. Na san sai ta ji kunya, domin ita a wurinta baƙonka annabinka ne, ba ta taɓa barin baƙo a tsaye ba. Za ta ce Saude rashin kunyarki ta girma. Amma da ta ga 'yarta tana tafiya da ƙafarta, goye da jariri, na tabbata za ta yafe mini. Ƙwayoyin cutar nan dai ba su saduda ba, kuma har gobe ana tallan kafso a faranti ranar kasuwa.

Yaya ba ta bar gona ko shanu ba. Abin da ta bar mana tambaya ce, wadda yanzu ko tsofaffin gidanmu ke yi wa likita ba tare da jin nauyi ba: an gwada kafin a ba da maganin? Da ranta ta saya mana ita.

Makon jiya sai ga Hajiya Talatu a gidana, bayan wata huɗu tana gaba da ni. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa. Daga tsaye ta ce, "Ranar Litinin za a yi wa autata aiki. Ni ba zan iya korar dangina ba. Ki zo ki zauna mana a ƙofar."